Zare Yana Tsallake

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin keken ɗinki
a layin teloli, bayan Kasuwar Barci.
Kunnena kan gane ciwon keke kafin hannuna ya taɓa shi:
wannan bel ɗinsa ya saki, wancan haƙora suka cinye.

Sai Sagiru, ɗan ƙanwata, ya dawo daga Poli
da kwamfuta a jaka da zance a baki.
Ya ce, Kawu, kar iliminka ya bi ka kabari,
bari in buɗe maka shafi a intanet.

Dare bakwai ina faɗa yana bugawa.
Na faɗi inda ake ɗiga mai, ɗigo uku, ba huɗu ba,
na faɗi yadda kwarkwaro ke gunaguni in an matse shi.
Ban rage komai ba.
Na raɗa wa shafin suna Hikimar Ƙarfe da Zare,
na kwanta ina jiran duniya.

Wata biyu, baƙi goma sha ɗaya.
Tara Sagiru ne, ɗaya ni,
ɗayan kuwa ina zargin ɓatan hanya ya yi.

Yaron ya ce, rashin kira karen bebe ya ɓata.
Wa ya taɓa neman hikimar ƙarfe a waya?
Ya zo da takarda, jerin abin da mutane ke bugawa,
kowace kalma da lissafin masu nemanta,
ya ɗebi na sama, masu tsoka,
ya cusa su a kowane layi kamar auduga a matashi.

Na karanta, ban ji muryata ba.
Gyaran keke a Kaduna, keke mai arha a Kaduna,
in kana neman gyaran keke, ga gyaran keke.
Sai ka ce kwandasta a tashar Kawo
yana ihun Zariya, Zariya, mota kuwa ba taya.

Amma sun zo, ba zan yi ƙarya ba.
Ɗari biyu a mako guda.
Suka leƙo, suka juya,
ko shayi bai isa shan iska ba sun tafi.
Na ce, ka gani? Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.
Ya ce, naka kilishin fa, wa ya ci?
Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta, ba aiki,
na jawo takardar tasa don in yi fifita.
Idona ya faɗa can ƙasa, inda ya tsallake,
kalmomin da masu nemansu ba su kai ashirin ba:
me ya sa zare yake tsinkewa,
allura ta karye sau uku,
keke na tsallake ɗinki a atamfa.

Na ajiye fifita.
Ai na san waɗannan.
Su ne ke tsayawa bakin shagona da kan keke a buhu,
ba sa cewa hikima, ba sa cewa ƙarfe,
abin da ke ci musu rai suke faɗa.
Ashe shekara talatin da ɗaya
sai na saurara nake ɗaukar sukuddireba,
a shafin ne kawai na fara da wa'azi.

Muka sake zama.
Shi ya kawo tambaya, ni na kawo amsa,
ɗaya bayan ɗaya, da bakin da aka yi ta.

Bayan sati shida wata Lauratu ta kira daga Kachia.
Kayan biki ne a hannunta, saura kwana biyu,
ta karanta, ta juya allura, ɗinki ya miƙe.
Ko sisi ba ta biya ba. Na ji ƙarar keken ta waya,
sumul, ba tsallake.

Sagiru ya ce kalmarsa ce ta kawo ta.
Na ce amsata ce ta sa ta kira.
Har yau ba mu raba gardamar ba.
Ya dai bar min sabuwar takarda a kan benci,
da tambaya ta farko: keke na cin gefen leshi.
Wannan kam sai na yi tunani.